Shayin kayan ƙamshi da macha: a sha, amma a raba shi da maganin ƙarin jini

Ranar awo wata baiwar Allah ta zo mini, ciki wata bakwai, na ja fatar idonta ƙasa na ga fari fat kamar auduga. Na ce Hajiya ba kya shan maganin ƙarin jinin da muke ba ku ne? Ta rantse ko kwana ɗaya ba ta taɓa tsallakewa ba, kullum da safe take korawa da shayinta mai citta da kanumfari. To nan matsalar take, kuma ba ita kaɗai ba ce wallahi, shi ya sa na ga gara in yi magana musamman yanzu da macha, wato garin koren shayi na Japan, ya shigo yayi, 'yan mata sai ɗora kofin koren shayi suke a status.

Ganyen shayi, baƙi ne ko kore, yana da wani sinadari da ake ce wa tanin, shi ne wannan baurin da kike ji a harshe idan shayi ya dahu da yawa. Idan ya haɗu da sinadarin ayon mai ƙara jini na cikin wake ko alayyahu ko zogale ko ƙwayar maganin nan, riƙe shi yake yi ya hana hanji tsotsa yadda ya kamata. Madara ma tana ƙara nata. Maganin abin ba wuya, ki sha ƙwayarki da ruwa, in akwai lemon zaƙi ko gwaiba ma ya fi, shayi kuma ya jira ko awa ɗaya zuwa biyu. Haka bayan cin abinci.

Shayin kayan ƙamshi ba baƙonmu ba ne. Indiyawa na kiran nasu masala cai, baƙin ganye irin na yankin Assam da citta da kanumfari da kirfa da masoro da kadamon, a dafa da madara, kusan abin da iyayenmu ke yi lokacin hunturu. Yadda nake nawa, in daddaka ɗanyar citta kamar rabin babban yatsa, kanumfari uku ko huɗu, ɗan guntun kirfa, masoro kaɗan, su tafasa a ruwa kofi biyu kamar minti goma har gidan ya ɗauki ƙamshi, sannan ganyen shayi ya shiga a ƙarshe minti uku kacal. Masu zuba ganye tun farko su bar shi yana ɓararraka a kan gawayi rabin awa, ɗaci da bauri kawai suke ƙarawa. In madarar shanu ce daga ruga sai ta tafasa sosai, ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na zazzaɓin burusela.

Sai sukari, wanda shi ne ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kamar giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a shida ya fi alheri. Yanzu ki lissafa, cokali uku a kofi, kofi uku a rana, tara ke nan, ba a sa madarar gwangwani mai zaƙi ba, ba a sa zoɓo da lemon kwalba ba. Zuma ma cikin lissafin take, mai ciwon suga kada a ruɗe shi da cewa ai zuma ce. Ki riƙa rage rabin cokali duk sati, kirfa da citta suna rufe giɓin har ba za ki ji ba.

Macha kuwa na Japan ne, garin Uji kusa da Kyoto ya yi suna a kansa. Rufe bishiyar shayin suke yi daga rana na wajen sati uku kafin a tsinke ganyen, a turara, a busar, a niƙa ya zama gari luƙwi. Bambancinsa da Lipton shi ne ba tacewa ake yi a zubar ba, ganyen gaba ɗaya kike shanyewa, don haka sinadarin kafin ɗinsa da ke hana barci ya fi na koren shayi na jaka, ƙaramin cokali ɗaya, wajen giram 2, zai kai miligiram 60 zuwa 70. Mai ciki shawarar da aka fi bayarwa kada ta wuce miligiram 200 a rana, har da na cikin kofi da goro da lemon kola a lissafin. Mai hawan jini da mai bugun zuciya su yi kaɗan, yara ƙanana a bar su, bayan la'asar kuma a haƙura in ana son barci. Mai shan warfarin na tsinka jini ya tambayi likitansa tukuna saboda bitamin K da ke cikin ganyen.

Haɗa shi, ki tankaɗe garin da ƙaramin rariya don yana ƙolallai, ruwan kada ya zama tafasasshe, a sauke ya huce kamar minti biyar, wajen digiri 80, in ba haka ba ɗaci zai yi ki rama da sukari. Su mutanen Japan da maburgin gora suke kaɗawa, ke in babu ki zuba a kwalba mai murfi da ruwa mai ɗumi ki girgiza har ya yi kumfa. Garin mai kyau kore ne shar, in ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ya tsufa, a rufe shi ruf a ajiye nesa da rana. Ki kuma juya bayan leda ki karanta, da yawan masu suna macha latte sukari ne farko a jerin kayan haɗinsu. Masu tallar wai yana narkar da tumbi a sati biyu, kuɗinki kawai suke so, shayi ba ya wannan aikin.

Ita baiwar Allahn nan ban hana ta shayinta ba, mun yi da ita ƙwaya bayan sallar isha da ruwa, shayi da hantsi. Sati huɗu za ta dawo mu sake auna jinin.