Kayan sallar yara: a sayi tocila, a daina kulle su da kyandir

Iyayena mata na Aboabo, Asawase da Sawaba, salamu alaikum. Sallah ta matso, na ga kowa ya nufi kasuwar Kejetia ta Kumasi sayen kayan yara, to ku saurare ni kafin kuɗin ya ƙare.

Ni nas ce, kuma wallahi na gaji da wanke ƙunar yara. Labarin kusan ɗaya ne kullum, dumsor ya zo, wato an ɗauke wuta, uwa ta kunna kyandir ta manna a kan tebur, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo ta waje ta tafi gidan biki ko wajen sayar da waakye, wai kar yara su fita yawo, sai kyandir ya faɗi kan katifa. Taga duk ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa da kwaɗo, makulli yana jakarki. Ta ina yaro zai fita Hajiya? Yaron da yake da ƙafar gudu, ke da hannunki kin tare masa hanya. Na san ba mugunta ba ce, neman abinci ne ya fitar da ke, ni ma uwa ce. Amma ki daina kulle su. Ki daina!

Kuɗin bindigar roba da za ta karye kafin kwana uku, ki saya masa tocila mai caji ko mai sola, ki ce tasa ce, shi zai riƙa sa ta a caji da kansa. Yaro yana son a ba shi amana, za ki ga yadda zai riƙe ta. Tocila ta shigo ɗaki, kyandir ya fita ke nan.

Sauran a gurguje: usur na ratayawa a wuya, ya busa in yana neman taimako. Ƙaramin kati da lambar wayarki da ta babansa, ya haddace kamar yadda yake haddace sura a makaranta. Ɗan kwali da filasta da bandeji. Akwatin susu na tara kuɗin barka da sallah.

Ki koya masa lambar gaggawa 112, kyauta ne ko waya ba kiredit, 'yan kwana-kwana kuma 192. Ya iya kwatancen gida, unguwa kaza, bayan masallaci kaza. In hayaƙi ya cika ɗaki ya yi rarrafe ya fita, kar ya ɓuya ƙarƙashin gado. In ya ƙone, ruwan famfo mai sanyi minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba, sannan a kawo mana shi, in ƙunar ta yi yawa mu tura babban asibitin Komfo Anokye.

Duk wannan da na lissafa aikin banza ne in kwaɗo yana ƙofa. Gidan haya muke, tsakar gida cike da mutane, in fita ta kama ki, ki kai su ɗakin maƙwabciya ki ce Mma ga amana sai na dawo.