Cire abu daga tarin bayanai a rubutun manhaja

A fannin rubutun manhajar kwamfuta, tarin bayanai shi ne kowane tsari da ke riƙe abubuwa da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, kamar jeri, sarƙa ko teburin hash. Cire abu daga cikinsa yana cikin ayyukan yau da kullum, tare da sakawa da nemowa. Sai dai cirewa ta fi su rikici, domin ba fitar da abin kaɗai ake buƙata ba. Wajibi ne abin da ya rage ya zauna daidai, ta yadda duk mai neman wani abu zai same shi inda yake tsammani.

A jeri, abubuwa suna zaune kafaɗa da kafaɗa a cikin ma'adanar kwamfuta, kowanne da lambar gurbinsa, kuma a yawancin yarukan shirye-shirye ƙirga tana farawa ne daga 0. Idan aka cire na tsakiya, dole duk waɗanda ke bayansa su matsa gaba da gurbi ɗaya, kamar mutanen da ke tsaye a layi idan wani ya fita. Cire na ƙarshe ba ya cin komai, amma cire na farko a jerin abu miliyan yana nufin motsa kusan miliyan. Masana kan rubuta wannan nauyi da O(n), wato aikin yana ƙaruwa daidai da yawan abubuwan da ke jerin. In tsarin jerin bai dame ka ba, akwai dabara mai sauƙi: ka ɗauko na ƙarshe ka ɗora a gurbin wanda za a cire, sannan ka rage tsawon jerin da ɗaya.

Sarƙa, wadda Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon suka ɓullo da ita tsakanin 1955 da 1956, ba ta da wannan matsala. Kowane abu yana riƙe da adireshin na gaba da shi, don haka cirewa ita ce kawai a sa na baya ya tsallake wanda ba a so, ya nuna na gaba. Wahalar tana wajen isa gurin, tunda sai an bi sarƙar daga kai ɗaya bayan ɗaya.

Teburin hash kuwa, wanda ke lissafo gurbin kowane abu daga abin kansa ko sunansa, yana da nasa tarko. A irin wanda ke neman gurbi na gaba idan abubuwa biyu suka yi karo, goge abu kai tsaye yana barin gurbi wayam, kuma mai nema zai tsaya a nan ya ɗauka abin da yake nema babu shi, alhali yana can gaba kaɗan. Shi ya sa ake barin alama a gurbin mai cewa "a da akwai abu a nan, ci gaba da nema". Idan alamomin suka taru suka yi yawa, sai a sake gina teburin.

Kuskuren da ya fi kama sababbin shiga, har ma da tsofaffin hannu, shi ne cire abu daga jeri a daidai lokacin da ake zagaya shi. A ɗauki jerin 2, 4, 6, 7 a yaren shirye-shirye na Python, ana son fitar da lambobin da 2 ke raba su daidai. A gurbi na 0 an cire 2, sai 4 ta matso gurbi na 0. Zagayen bai san an yi haka ba, ya wuce gurbi na 1, inda yanzu 6 take, ya cire ta. Abin da ya rage shi ne 4 da 7. Huɗu ta tsira ba tare da wani gargaɗi ba, kuma shirun nan ne ya sa kuskuren yake da haɗari. Java ta fi tsauri: a yawancin irin wannan yanayi takan tsayar da aikin da saƙon kuskure mai suna ConcurrentModificationException. Mafita ita ce a yi amfani da Iterator, wato abin da ke zagaya jerin ɗaya bayan ɗaya, wajen cirewar, ko removeIf da ta zo da Java 8 a 2014. A kowane yare ma, ana iya zagayawa daga ƙarshe zuwa farko, ko a gina sabon jeri da abubuwan da ake son ajiyewa kawai, wanda galibi shi ya fi sauƙin karantawa.

Sunayen umarni ma kan yaudari mutum. A Python, remove tana cire abu na farko da ya dace ne kawai, ba duka ba, in kuma babu shi sai ta ba da saƙon kuskure mai suna ValueError. A JavaScript, delete tana barin rami a jeri ba tare da rage tsawonsa ba, splice ce ke cirewa da gaske. A C++, std::remove ba ta rage girman komai, tura abubuwan da ake so gaba take yi, sai an bi ta da erase, har C++20 ta haɗe su a std::erase. A Java kuwa, idan jerin lambobi ne 10, 20, 30 aka rubuta remove(1), 20 ce za ta fita, domin an ɗauki 1 a matsayin lambar gurbi.

Fitar abu daga tari ba ta nufin ya bar ma'adana. A C, mai rubutun ne zai saki wurin da kansa ta hanyar free. A Java da Python tsarin ne ke share shi, amma sai bayan babu sauran wani ɓangare na manhajar da ke riƙe da adireshinsa.