Catocala amica: ƙaramin faɗa-wuta mai ɓoye adonsa

Catocala amica ƙwaro ne daga cikin faɗa-wuta, wato dangin malam-buɗe-littafi masu yawo da dare. Yana zaune a dazuzzukan wasu manyan itatuwa da ake kira oak a Arewacin Amurka, daga kudancin Kanada har jihar Texas, kuma ya fi yawa a gabashin nahiyar. Masanin ƙwari ɗan Jamus, Jacob Hübner, shi ya fara bayyana shi a 1818. A yau ana lissafa shi cikin iyalin Erebidae, a zuriyar Catocala wadda ke da jinsi fiye da 250 a duniya. Yana cikin ƙananan wannan zuriya, domin in ya buɗe fukafukansa faɗinsu bai wuce milimita 35 zuwa 40 ba.

Suna

Wani masani ɗan Jamus, Franz von Paula Schrank, shi ne ya raɗa wa zuriyar suna Catocala a 1802, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "ƙasa" da "kyakkyawa", wato mai kyau daga ƙasa. Amica kuwa da Latinanci ƙawa ce ko masoyiya. Tun zamanin Linnaeus, masanin da ya kafa tsarin raɗa wa halittu sunayen kimiyya, aka saba kiran waɗannan ƙwari da sunayen amare da 'yan mata, kamar nupta da sponsa.

Kamanni da dabarar tsira

Fukafukai huɗu gare shi, kuma aikin na gaba daban, na baya daban. Na gaban masu ruwan toka ne, da zane-zanen baƙi da ƙasa-ƙasa masu kama da tsagar ɓawon itace. Da rana sai ya lafe a jikin kututture, ya rufe na bayan ruf. Mutum zai iya tsayawa taku ɗaya daga gare shi yana kallon wurin bai gan shi ba.

Na bayan kuwa ruwan ɗorawa ne mai ɗaukar ido, da baƙin layi a bakin gefe wanda ya katse ya bar ɗigo guda a kusurwa. Yawancin 'yan uwansa suna da wani baƙin layi na biyu a tsakiyar fiffiken; shi ba shi da shi, kuma da wannan ake saurin gane shi. Wanda ya fi rikitar da masana shi ne Catocala lineella, da aka daɗe ana ɗaukarsa wani nau'in amica ne kafin a raba su.

Me zai sa ƙwaron da rayuwarsa ta dogara ga ɓuya ya ɗauki launi mai kiran ido haka? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne razanarwa. Tsuntsu na cikin tsattsagar ɓawo, sai kwatsam abin da ya zaci itace ne ya buɗe, launi ya walƙa masa a fuska. Ɗan turus ɗin da zai yi ya ishi ƙwaron ya tsere. Sai ya sauka a wani itacen, ya rufe fukafukai, tsuntsun ya ci gaba da neman abu mai launi alhali babu shi. Theodore Sargent na Jami'ar Massachusetts ya daɗe yana nazarin wannan zuriya, har da duba tabon bakin tsuntsu a fukafukan waɗanda suka kuɓuta. A 1979 kuma wasu masana biyu, Pietrewicz da Kamil, suka gwada wani shuɗin tsuntsu dangin hankaka da hotunan Catocala a jikin itace. Sun ga cewa in ya yi ta cin karo da jinsi ɗaya, idonsa yakan ƙware wajen gano shi, amma in aka cuɗa masa jinsi biyu ƙwarewar ba ta samuwa. Wannan bincike ya cancanci a riƙa tunawa da shi, don ya nuna amfanin da ƙwarin ke samu in zanensu ya bambanta a daji guda.

Da dare abokin gabarsa jemage ne. Ƙwaron yana da kunnuwa a gefen ƙirjinsa da ke jin siririn sautin da jemage ke farauta da shi, sai ya kauce.

Zagayen rayuwa

Sau ɗaya yake hayayyafa a shekara. Macen tana saka ƙwai a tsagar ɓawon oak, ƙwan ya kwana nan duk tsawon hunturu. Yakan ƙyanƙyashe daidai lokacin da itacen ya fara toho, sa'ad da ganyen yake da taushi. Tsutsar doguwa ce, launinta na reshe. Takan ci ganye da dare, da rana ta miƙe ta manne a jikin reshe ba motsi. In ta ƙoshi sai ta saƙa ɗan gida na zare a tsakanin ganye, ta rikiɗe a ciki. Ana ganin manyan daga Yuni zuwa Satumba.

Abincin babban ƙwaron ruwan da ke tsatsa daga itace ne da ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa. Saboda haka masu nazari sukan dama sukari da ayabar da ta nuna sosai, su bar haɗin ya yi tsami, su shafa a kututture da almuru. In dare ya yi sai su zo da fitila a hankali, su tarar da shi yana zuƙa da dogon bakinsa, fukafukan gaba a ɗan buɗe, ruwan ɗorawar yana leƙowa.