Garaɓasar Sallah a kasuwar waya: tambayoyin masu ƙaramin jari

Duk mai sayar da kaya ta WhatsApp, Instagram ko Facebook ya san cewa watannin shekara ba ɗaya ba ne. Akwai lokacin da za a ɗora hoto ashirin a sitatus, ba wanda zai tambayi ko nawa ne. Akwai kuma makonnin da waya ba ta hutawa: gab da azumi, goman ƙarshe, jajiberin Babbar Sallah, da ƙarshen shekara lokacin bukukuwan aure da Kirsimeti. A 'yan makonnin nan wasu ke haɗa ribar da za ta riƙe su watanni, a cikinsu kuma wasu ke karya jarinsu da hannunsu da sunan garaɓasa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu wannan sana'a, waɗanda akasarinsu mata ne da ke kasuwancinsu daga cikin gida.

Yaushe ya kamata in fara shiri?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma amsar ta danganta da abin da kike sayarwa, kuma ranar Sallah ba ita ce abin dubawa ba. Idan atamfa, leshi ko shadda ce hajarki, tela ne ke yanke miki rana. Mai sayen turmi sai ta kai ɗinki, teloli kuwa da yawa suna daina karɓar aiki tun azumi bai raba ba, masu suna a cikinsu ma tun kafin a ga wata. Ke nan kasuwar yadi ta Sha'aban ce da goman farko. Wadda ta bari sai azumi ya kai ashirin sannan ta fara tallar atamfa, ta makara, ko da ta karya farashi.

Kayan da aka riga aka ɗinka kuwa lokacinsu na zuwa daga baya: abaya, mayafi, takalma, jakunkuna, huluna, kayan yara. Su ne mafakar wanda tela ya yi wa alkawari ya saɓa. Turaren wuta, humra, cincin da dubulan sai goman ƙarshe. Babbar Sallah tata tafiyar daban ce, domin kuɗin maigida ya tafi wajen rago. A lokacin an fi neman wuƙaƙe, kuloli, manyan tukwane da kayan ƙamshin suyar nama, sutura kan ja baya.

Kada kuma a dogara da kwanan watan bara. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya, don haka Sallah na matsowa gaba kowace shekara. A 2025 Ƙaramar Sallah ta zo ranar 30 ga Maris, daidai lokacin da albashi ya shiga aljihu. Shekarar da ta faɗo tsakiyar wata kuwa, albashin watan da ya gabata ne za a yi sayayya da shi, don haka a ƙarshen wancan watan ya kamata tallarki ta yi ƙarfi.

Ni daga China nake oda, akwai abin da ya bambanta?

Akwai. Masana'antun China suna rufewa don hutun sabuwar shekararsu, makonni biyu ko fiye, kuma a 'yan shekarun nan hutun yana zuwa kusa da shigowar azumi. A 2026 sabuwar shekarar tasu ta kama 17 ga Fabrairu, kusan rana guda da fara azumi. Kayan jirgin ruwa daga Guangzhou zuwa Legas sukan haura wata guda a hanya, ban da jiran fitarwa a tashar ruwa da tafiya zuwa Arewa. Jirgin sama ya fi sauri, amma da kilo ake biya, kuma takalma da jakunkuna suna da nauyi. Mai son kayan Sallah ta ruwa, tun Rajab ya kamata a ce kayanta suna hanya. Idan lokaci ya ƙure, gara ki shiga Kantin Kwari ko Kasuwar Wambai ki yi sari, ribar kaɗan ce amma kayan na hannunki.

Nawa zan rage don mutane su ji cewa garaɓasa ce?

A nan ne ake yin ɓarnar, don haka bari mu zauna da biro da takarda. A ce kin saro turmi a kan naira 12,000, kina sayarwa 15,000. A ido ribarki 3,000 ce. To amma akwai kuɗin adaidaita zuwa kasuwa da dawowa, akwai leda da sitika, akwai data. A ce duka sun ci 600 a kowane turmi. Ribar gaskiya ta koma 2,400.

Yanzu kin sanar da ragin kashi 10 cikin 100. Kashi goman nan daga 15,000 ake cire shi, ba daga ribar ba, wato 1,500. Abin da ya rage miki 900 ne. Idan a da kina sayar da turmi 20 ki samu 48,000, yanzu sai kin sayar da 54 kafin ki kamo wannan kuɗin. Kusan ninki uku na wahala, na ɗaure kaya, na amsa waya, a kan riba iri ɗaya. Idan kuwa kika ga wata ta rubuta kashi 20 kika ce ba za ta fi ki ba, to kowane turmi da ya fita ya tafi da 600 daga cikin uwar kuɗinki. Ciniki zai yi ta faɗawa, kina ta godiya, sai bayan Sallah ki je sari ki ga kuɗin ba su kai ba.

Akwai wani lissafin da ake mantawa. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a tsakiyar 2023, farashin sari ya daina zama wuri guda na dogon lokaci. Kada ki auna ribarki da kuɗin da kika sayi kaya wata uku da suka wuce. Ki kira wanda kike sari a wurinsa ki ji nawa ne yau, domin da wannan farashin za ki mayar da kayan.

Ra'ayina shi ne, mai ƙaramin jari ba ta da hurumin rage kuɗi a kan kayan da ke tafiya da kansu. Kowa na neman abaya a goman ƙarshe, to me za a rage? Ragi na kayan da suka kwana ne, zanen bara, launin da bai karɓu ba, takalmin da lamba ɗaya ta rage.

To idan ban rage ba, da me zan jawo mutane?

Da gyara. Tun kafin a san intanet, mai awon gero ta san cewa ɗan abin da ta ɗora a kan tiya shi ke dawo da mai saye gobe. Ƙaramar kwalbar humra a kan abaya biyu, hula a kan shadda yadi goma, kai kaya kyauta a cikin gari ga wanda sayayyarsa ta kai wani adadi. Abin da ya ci ki 500 yana iya yin kwarjinin 1,500 a idon mai karɓa.

Haɗin kaya ma yana aiki sosai: riga, takalmi da hular yaro a farashi guda. Uwa mai 'ya'ya huɗu ba araha kaɗai take nema ba, so take a rage mata yawo da azumi a baki.

Wasu suna ƙara kuɗi sannan su ce sun rage. Laifi ne?

Ha'inci ne, kuma hadisi ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita a Najeriya, ita ma ta hana yaudara a farashi. Ko ba wannan ba, kwastomomin yanzu suna ajiye hoton tsohon farashi a wayarsu, kuma a zauren WhatsApp na 'yan'uwa za a baje shi.

Black Friday fa, ya shafe ni?

Ranar ragin farashi ce, asalinsa na Amurka ne, Juma'ar da ke bin bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Kasuwannin intanet na Jumia da Konga, waɗanda duka aka kafa a 2012, su suka yayata shi a Najeriya, har ya tashi daga yini guda ya koma makonni. A ƙasashen Larabawa ma an ji nauyin kiran Juma'a baƙa, shi ya sa kamfanin Souq ya sa mata suna Farar Juma'a.

Idan kina da shago a Jumia, ya shafe ki, amma ki karanta sharuɗɗan kafin ki sa kayanki, domin bayan ragin akwai kamashon da ake cirewa, kuma soke oda saboda kaya sun ƙare yana zubar da darajar shago. Idan a sitatus kike kasuwa, kada ki yi gasar farashi da masu manyan rumbuna. Amfanin Nuwamba a wurinki shi ne kakar aure ta Disamba: anko, kayan lefe, kayan kicin na amare.

Ba ni da jarin tara kaya. Zan iya ɗora hoton kayan shago, in an yi oda in je in saro?

Mutane da yawa da haka suka fara, kuma a watannin da kasuwa ke kwance ba matsala. Gab da Sallah ne abin ke cizo. Kin ɗauki hoton leshi ranar Talata, wata a Gombe ta tura kuɗi ranar Alhamis, kin isa Kwari ranar Asabar da la'asar, layin ya cushe da masu dako, yaron shago ya kalli hoton a wayarki ya ce, "Hajiya, wannan ai tun shekaranjiya ya ƙare, sai dai mai ruwan goro." Yanzu ko ki mayar da kuɗi, ko ki fara lallashin wadda ta riga ta nuna wa ƙawayenta hoton shuɗi.

Dabarar ita ce ki taƙaita. Zaɓi kala biyar ko shida da kika tabbatar suna da yawa, ki yi magana da mai shago ya ware miki ko da ɗan kafin alkawari ne, kuma kada ki karɓi kuɗin kowa sai kin kira kin ji kayan na nan. Cin bashi don cika ɗaki da kaya kuwa, ban ba da shawara ba, sai ga wadda ke da littafin cinikin bara a rubuce, ta san abin da ya fita da abin da ya kwana.

Aika kaya zuwa wani gari, yaya zan yi kada su makara?

Ki sa ranar rufe karɓar oda, ki rubuta ta ɓaro-ɓaro a kowace talla: na wajen gari kwana biyar kafin Sallah, na cikin gari kwana biyu. Za a roƙe ki, za a ce "Anti don Allah ki taimaka, ni kaɗai ce." Ki daure. A makon Sallah tasha cike take da fasinja, direba ya fi son mutum a kan ƙunshi, kuɗin mota ya tashi, kamfanonin aika kaya su ma aiki ya yi musu yawa. Kayan Sallah da suka isa ranar hawan Daushe ba su da maraba da waɗanda ba a aika ba.

Idan ta tasha za ki aika, ki rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin ƙunshin da alƙalami mai kauri, ki naɗe da salatif, ki ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, ki karɓi lambar direba ki tura wa mai kaya nan take. A kuma yi maganar wanda zai biya kuɗin mota tun kafin a tura kuɗin kaya, don mafi yawan rigima daga nan take tashi.

Alat na bogi fa?

Lokacin rububi ne kasuwar masu tura shi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne. Ki buɗe manhajar bankinki, ko OPay ce ko Moniepoint, ki ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar gida. Wanda ya ce yana sauri direba zai tashi, ya jira. Ki kuma ware asusun kasuwa daban da na cefane.

Saƙonni sun yi mini yawa, ba na iya amsawa. Mene ne mafita?

Rabin saƙonnin "nawa ne?" suke tambaya, to ki rubuta farashi a jikin hoton. Al'adar nan ta "a biyo ni ta ciki don jin farashi" tana korar masu saye da gaske, ta bar ki da masu taya. WhatsApp Business yana da kundin jera kaya da farashinsu, yana da amsoshin da ake ajiyewa a tura da taɓawa ɗaya, da alamomin da za ki raba wanda ya biya da wanda ake jira. Saƙon bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, amma waɗanda suka ajiye lambarki kaɗai yake isa, don haka tun yanzu ki riƙa cewa a ajiye. A azumi an fi duba waya bayan tarawihi da lokacin sahur, sai ki daidaita ɗora hotunanki da haka.

Hoto kuma a ɗauke shi da hasken rana, ba tare da an ƙara masa kala ba. Jan da ya iso a matsayin ruwan hoda, dawo da shi za a yi, ke za ki biya motar.

Abin da ya rage bayan Sallah, in karyar?

Ki raba shi biyu. Turare, mayafi baƙi, farar shadda da kayan kicin ba sa tsufa, kuma tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kwana saba'in ne kacal, ga bukukuwan aure da ke cika Shawwal. Waɗannan a ajiye. Kayan yayi da na yara masu lamba kuwa, a fitar da su cikin makonni biyu ko da a kan kuɗin sari ne, a juya kuɗin zuwa wuƙaƙe da kuloli kafin Zulƙida ta shigo.