Gidan Tarihi na Erland Lee

Gidan Tarihi na Erland Lee tsohon gidan gona ne da ke kan titin Ridge a Stoney Creek, cikin birnin Hamilton na lardin Ontario, ƙasar Kanada. Yana bisa tudun Niagara, ana hango tafkin Ontario daga farfajiyarsa. A cikinsa aka rubuta kundin tsarin Women's Institute, ƙungiyar matan karkara da aka kafa a 1897.

Ginin

Asalinsa ɗakin gungumen itace ne da John Lee ya gina wajajen 1808. A 1873 Abram Lee ya ƙara ɓangaren gaba: bangon katako, rufi mai tsini, da adon sassaƙa a bakin rufin. Ba a rushe tsohon ɗakin ba, an haɗe shi da sabon ginin. Zuriyar Lee ta zauna a gidan fiye da shekara 160.

Kafa ƙungiyar

Erland Lee, wanda gidan ke ɗauke da sunansa, manomi ne, kuma jigo a ƙungiyar manoman yankin, wadda ta maza ce. A ƙarshen 1896 ya saurari jawabin Adelaide Hoodless a kwalejin noma ta Guelph. Ita kuwa ɗanta ya rasu a 1889 yana da wata 14, rasuwar da ake dangantawa da gurɓatacciyar madara, kuma tun daga nan ta duƙufa wajen neman a koya wa mata tsaftar abinci da renon yara. A wancan zamani madarar karkara ɗanya ake sha, ba a ɗumama ta don kashe ƙwayoyin cuta, ga shi babu firji; da zafi ya kama sai ta lalace, jarirai su kamu da zawo.

Lee ya gayyaci Hoodless zuwa Stoney Creek, ta yi jawabi ranar 12 ga Fabrairu 1897. Shi da matarsa Janet suka bi gida-gida suna kiran mata, kuma ranar 19 ga watan mata 101 suka hallara a zauren Squire suka kafa ƙungiyar, Erland ne kaɗai namiji a wurin. Janet, wadda tsohuwar malamar makaranta ce, ita ta rubuta daftarin kundin da hannunta a kan teburin cin abincin gidan. Christina Smith ce shugaba ta farko.

Ƙungiyar ta isa Birtaniya a 1915 ta hannun Madge Watt, inda aka buɗe reshen farko a tsibirin Anglesey na Wales.

Akwai saɓani kan wanda ya cancanci sunan mai kafa ta. An daɗe ana ba Hoodless. Wasu masana na ganin iyalan Lee ne suka yi ɗawainiyar.

Ziyara

Tarayyar rassan ƙungiyar ta Ontario ta sayi gidan a 1972, gwamnatin Kanada kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 2002. Teburin nan yana ɗakinsa har yanzu, shi baƙi suka fi zuwa gani. Akwai kuma kayan ɗaki na iyalin da rumfar keken doki.

An rufe gidan a 2010 saboda ƙarancin kuɗi, aka sake buɗe shi a 2013. Masu aikin sa-kai ne ke kula da shi, don haka gara a tuntuɓe su kafin a kama hanya. Kada a rikita shi da gidan da aka haifi Hoodless a St. George, wanda shi ma gidan tarihi ne amma yana kusa da Brantford.