Dokar Gana ta 2007 da matar da ake duka a ɗakin aurenta

A gidajen haya na unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango a birnin Accra, inda ɗaki ke manne da ɗaki, ba wanda kukan maƙwabciyarsa ke ɓoye masa. Sau da yawa sai a ja bakin ƙofa a ce tsakanin miji da mata sai Allah, gari ya waye kuma a aika mata da saƙon ta yi haƙuri. Dokar ƙasar Gana ba ta ɗauki lamarin a matsayin sirrin gida ba. Sashe na 15 na kundin tsarin mulki na 1992 ya ce mutuncin kowane ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne, kuma igiyar aure ba ta cire mace daga wannan kariya.

A kan wannan tushe aka kafa dokar hana cin zarafi a cikin gida, mai lamba 732, a shekarar 2007. Ba duka kaɗai ta hana ba, domin ta haɗa da tilasta wa mace saduwa, da zagi da barazanar da ke hana ta kwanciyar hankali, da ƙwace mata dukiya ko hana ta kuɗin da take da haƙƙi a kansu. Wannan na ƙarshe ya shafi duk mai sayar da waake ko koko da mijinta ke wawure mata jari. Kariyar ta kai har ga budurwar da ake nema da 'yar aikin gida. Wanda aka kama da laifi na iya fuskantar tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun.

Abin da na fi so jama'armu su sani shi ne, ba dole sai ita matar ce za ta kai ƙara ba. Maƙwabci ko ɗan'uwa da ya san abin da ke faruwa yana da ikon sanar da 'yan sanda, musamman sashensu mai kula da cin zarafi a cikin gida, wato DOVVSU, wanda aka fara a 1998 da sunan WAJU, wato sashen mata da yara. Kotu kuma tana iya ba da umarnin kariya da zai hana mijin kusantarta, har ma ta fitar da shi daga gidan.

Dokar ba ta rufe ƙofar sulhu ba, kuma dattawanmu da limamai sun san aikinsa. Sai dai kotu ba ta mayar da ƙara ga sulhu sai da yardar wadda aka zalunta, kuma idan laifin ya yi tsanani ba ta mayarwa sam.