Waiwaye: Ƙarin hancin samari da ake ganewa ba tare da an taɓa shi ba

A ƙa'idar asibiti, in aka ga ƙari a jikin mutum, sai an ɗan yanki tsokarsa an kai ɗakin gwaje-gwaje kafin a faɗi ko mene ne. Akwai wani ƙari da wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba. Can ƙuryar hanci yake fitowa, inda ido ba ya kaiwa, kuma kusan yara maza kaɗai yake kamawa, galibi a shekarun balaga. Likitoci na kiransa anjiyofaiburoma. Ba ciwon daji ba ne, ba ya tsallakawa huhu ko hanta. Matsalarsa jini. Curin jijiyoyi ne waɗanda bangonsu ba shi da isasshiyar tsokar da za ta tsuke in an yanke su, don haka ɗan tsagawa kaɗan sai jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa.

Yaron kan zo da toshewar hanci ta ɓangare ɗaya da haɓo mai yawan dawowa. A wajenmu, inda haɓo ba baƙon abu ba ne lokacin hunturu, sai a yi ta ɗora laifin a kan iska da ƙura. Amma haɓon da kullum ta kafa ɗaya yake zuwa, ga hanci a toshe wata da watanni, ga munshari, wani lokacin har kunci ya fara tasowa, wannan na likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne, ba na askar wanzami ba.

An daɗe da sanin ciwon kafin a iya ganinsa. A 1841 Robert Liston ya yi wa wani matashi tiyatarsa a Landan, inda ya cire ƙashin muƙamuƙin sama ɗungurungum don ya kai gare shi, kuma a lokacin ba a fara sa majiyyaci barci ba. A 1847 Chelius na Jamus ya lura cewa a shekarun balaga yake fitowa, Chauveau na Faransa ya raɗa masa suna a 1906, sannan Friedberg ya gyara sunan zuwa anjiyofaiburoma a 1940 don ya nuna cewa jijiyoyin jini ne ginshiƙinsa.

Hoton eksire ya samu tun 1895, sai dai ƙashi yake nunawa, tsoka kuwa sai inuwa. Dabarar da ta yi amfani ta fito ne a 1965 daga asibitin Mayo da ke Amurka. Likitocin hoto biyu, Holman da Miller, suka ce tunda ƙarin ba ya fita sosai a hoto, a duba abin da ya yi wa maƙwabtansa. A cikin ƙashin kunci akwai kogo, kuma bayan bangon kogon akwai ɗan lungu matsattse da jijiyoyi ke ratsawa. Ƙarin yakan kutsa wannan lungu ya yi ta girma a hankali, ya tura bangon gaba har ya lanƙwashe, kamar katangar ƙasa da saiwar bishiya ta daɗe tana turawa. Ciwon daji kan cinye ƙashi ne ya wuce. Wannan kuwa, da yake a sannu yake tafiya, tanƙwara shi yake yi. In aka ɗauki hoton kai ta gefe, sai a ga lanƙwasar. Har yau da sunan mutanen biyu ake kiran alamar, ɗaliban likitanci kuma na haddace ta saboda jarrabawa. A ganina an ɗan zuzuta ta. Ba kowane yaro mai ciwon ke nuna ta ba, musamman tun yana ƙarami, kuma wani ƙarin mai jinkirin girma a wurin, irin na jijiyar saƙo, zai iya yin irin wannan lanƙwasa.

Sai hoton jijiyoyi, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya a kai shi wuya, a tura ruwan da ke fita a hoto. Nan take ƙarin ke cika ya yi duhu, a ga ainihin jijiyar da ke shayar da shi, wadda galibi reshe ce ta babbar jijiyar wuya mai kai jini fuska. A 1972 Roberson da abokan aikinsa suka ba da rahoton toshe wannan jijiya ta cikin bututun kafin tiyata. Yanzu akan yi hakan kwana ɗaya ko biyu kafin a shiga ɗakin tiyata, don rage zubar jini.

Na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, ita ta nuna mafarin abin. Ashe ba daga tsakiyar ƙuryar hanci yake tsirowa ba. Gefe yake farawa, daf da wata 'yar ƙofa a ƙashi da jijiya ke bi ta shiga hanci. CT na nuna ƙofar ta buɗe, lungun bayan kogon kunci ya faɗaɗa, gindin ƙashin da ke bayansa ya zaizaye, kuma da an yi allurar ruwan hoto sai ƙarin ya haska fes. A kan irin waɗannan hotuna wani likita mai suna Sessions ya tsara matakan ciwon a 1981, wasu suka biyo baya da nasu, ciki har da Radkowski a 1996.

MRI kuma, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ta warware abin da CT ke rikitawa: wanne ne ƙari, wanne ne majinar da ta taru a kogo saboda hanya ta toshe, kuma ko ya kai kwarmin ido ko ya leƙa cikin ƙoƙon kai. A hotonta ƙarin kan fito da baƙaƙen ɗige-ɗige, domin jinin da ke gudu da sauri ba ya tsayawa na'urar ta kama shi.

A 1999 Glyn Lloyd da abokan aikinsa a Landan suka waiwayi hotunan shekara 20. Suka ga cewa ƙarin da ake cewa ya dawo bayan tiyata, sau da yawa saura ne da ya maƙale cikin ƙashin gindin ƙoƙon kai, inda mai tiyata bai gani ba. Shi ya sa masu tiyata a yau, waɗanda da yawansu ta kafar hanci suke shiga da kyamara, kan goge wannan ƙashi da injin, sannan a sake ɗaukar yaron hoto bayan aiki ko da haɓon ya tsaya.